Dogon hutu ya zo, bana ba inda za mu: yaya zan yi da yara huɗu a gida?

Maman Hanifa, Kano
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen iyaye. Ranar Juma'a aka ba yara hutu, sai tsakiyar Satumba za su koma, kusan sati bakwai ke nan. Duk shekara da an karɓo sakamako muke haɗa kaya mu tafi wajen Hajiyarmu a ƙauye, su yi wata guda su dawo sun yi baƙi sun yi ƙiba. Bana Abbansu ya ce ba inda za a je. Kuɗin motar mutum shida zuwa da dawowa, ga tsaraba, ga kuɗin makarantar zangon farko yana jiranmu, hanya kuma kun san yadda take. Ban ja da shi ba, don gaskiya ya faɗa.

To yau kwana huɗu kacal amma kaina kamar ya tsage. Hanifa shekara 14, Walid 11, Amir 8, sai auta mai 4. Gidan haya ne, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida. In an kawo wuta suna gaban talabijin, in an ɗauke suna kan wayata, in na ƙwace wayar a koma dambe. Jiya Amir ya fasa mini fulas ɗin shayi da ƙwallo. Cin abinci kuwa sai ka ce fara ta sauka a gona. Ku me kuke yi da naku?

Anti Rabi
Wa'alaikumus salam. Maman Hanifa kamar kin leƙo gidana kika rubuta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ban sake kwasar yara zuwa ko'ina ba. Ina nan ina jiran amsa tare da ke.

Malam Nura, Zariya
Hajiya, ki sa su lesin. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a firamare, kuma duk Satumba abu ɗaya nake gani. Yaron da ya tafi hutu yana kawo jadawalin sau bakwai kamar ruwa, zai dawo ka ce masa bakwai sau takwas ya tsaya yana kallon silin. Rubutu ya karkace, karatun da ake yi a jere ya koma harhaɗa baƙi. Sati uku na farkon zango ba sabon abu muke koyarwa ba, kwaso abin da ya zube muke yi. Awa biyu ko uku da safe, kwana huɗu a sati, ya wadatar. Ke ma kya samu ki numfasa.

Baban Sadik Tela, Fagge
Malam, da girmanka, amma ni ban yarda ba. Yaro ya yi wata tara yana zaune a benci, safe boko, yamma Islamiyya, an ba shi ɗan sati shida kuma a ce ya koma benci? To ina amfanin sunan hutu? Hajiya ki kai Walid wajen mai sana'a. Ni a dogon hutu na fara zuwa shago ina aji biyar, yau da keken nan nake ciyar da mutum tara.

Anti Rabi
Ni abin da ke ɓata mini rai da lesin ɗin makaranta, sai su ɗauki karatun zango mai zuwa su fara koyarwa. Yaron da ubansa bai biya ba, in an dawo sai a ce ai an wuce wajen. Wannan ba taimako ba ne, tilas ce aka sa mata riga.

Malam Nura, Zariya
Anti Rabi, wannan da kika faɗa yana faruwa kuma ba daidai ba ne. Lesin na gaskiya bita ne, ba tsallake ba. Amma tunda an zo nan bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Makarantar kuɗin da na fara aiki, watan Agusta ba albashi, wai ba a karɓi kuɗin makaranta ba. Abin da aka tara na lesin shi ake raba mana, bayan mai makaranta ya cire nasa. To in kin ga malami yana nacin a kawo yara, wani lokaci cefanen gidansa yake karewa. Ban ce hujja ba ce, na dai faɗa miki inda gizo ke saƙa.

Baban Sadik kuma, tambaya ɗaya: a sati shida me yaro zai koya a shago ban da sayo wa maigida kunun aya?

Baban Sadik Tela, Fagge
Bazazzagi dai ba ya rabo da gardama. To saurara Malam. Satin farko shara da aike ne, ban musa ba, kuma shi ma karatu ne, don a nan za ka gane yaron da zai zauna. Sati na biyu zai iya zira zare a allura, ya cika kwarkwaro, ya taka keke ba zare a kan takarda har layinsa ya miƙe. Na uku ina ba shi ƙyallaye ya yi kalmasa, ya sa maɓalli, ya yi guga. Kafin hutu ya ƙare yaro mai hankali zai ɗinka rigar filo da jakar makaranta da gajeren wando. Ba zai yanka shaddar mutane ba, wannan sai an shekara. Amma ka san me? Ranar da ya riƙe tef ya auna ƙugu inci 24, aka ce ya raba huɗu ya ƙara rabin inci na ɗinki, a ranar lissafin da kake fama da shi a allo zai zauna masa. Akwai yaron da ubansa ya ce mini daƙiƙi ne a lissafi, yanzu da ka yake ba ni adadin yadin da zai ishi babbar riga da 'yar ciki da wando.

Malam Nura, Zariya
Wannan na tef ɗin na karɓa. Bakano in ya yi gaskiya sau ɗaya a shekara ai sai a ba shi.

Maman Hanifa, Kano
Ina karantawa, Allah ya saka da alheri. Lesin ɗin makarantarsu na mutum uku ya fi ƙarfina gaskiya. Shagon kuma tsoro nake ji. Walid yana da kwashe-kwashe, duk abin da ya ji a waje sai ya kawo gida.

Baban Sadik Tela, Fagge
Tsoronki yana kan hanya Hajiya. Kada ki kai shi inda ba ki san maigidan ba. Shagon da samari ke taruwa ana kallon waya ana zagi, ko kyauta ne a bar shi. Abbansa ya je da kansa ya damƙa shi hannu da hannu, a yanka lokaci: tara na safe zuwa azahar, ya dawo ya ci abinci ya tafi Islamiyya. Kuma a gaya wa maigidan kada a aike shi tsallaken titi.

Injiniya Bash
Gyaran waya fa? Ku je Farm Centre ku ga yara 'yan shekara sha biyar suna canja sikirin da ramin caji. Sana'ar zamani ke nan.

Anti Rabi
Yaron da ake so a raba da waya shi za a kai kasuwar waya? Injiniya ka ji tsoron Allah.

Hajiya Yaya, Katsina
'Ya'yana, ni tsohuwa ce a zauren nan, jikata ce ma take rubuta mini. Ina jin ku kuna ta neman inda za ku kai yara, kamar kaya ne aka rasa ma'ajiyarsu. Mu da muka tashi ba wanda ya tsara mana hutu. Damina ce, manya suna gona. Da safe a kai wa masu noma fura, a dawo a tsinko tafasa da rama a yi kwaɗo. In an yi ruwa da dare, a fito da fitila da kwano da ruwa a ciki ana kamun shinge. Da yamma mata suna carafke da 'yar gala-gala, maza suna langa har wani ya faɗi a taɓo. Bayan isha'i a zagaye kaka: ga ta nan ga ta nanku. Har yau in na rufe ido ina jin yadda take maƙe murya in ta zo maganar Gizo, da tsamin bakinsa. In ka nemi tatsuniya da rana a ce za ka ɓace a hanya, yanzu na gane dabara ce don kada a bar aiki.

Maman Hanifa, tambayarki nake: ke kin iya tatsuniya ko guda uku? In kin iya, daren da aka ɗauke wuta kada ki miƙa musu waya. Shimfiɗa tabarma. Dare biyu na farko za su yi ta tsaki, na uku su za su roƙe ki.

Maman Hanifa, Kano
Hajiya kin kama ni. Wallahi na zauna ina lalube, farkon da yawa nake tunawa amma ƙarshen ya gudu. Ta Gizo da Ƙoƙi da baurensu kawai nake jin zan iya kaiwa ƙurunƙus.

Hajiya Yaya, Katsina
To ki kira mahaifiyarki ki sa wayar a tsakiyarsu ta yi musu. Tunda ba su je ba, muryarta ta zo. Ita ma kewarsu take yi, ba za ta faɗa miki ba ne kawai.

Sista Hauwa
Ni ta fannin aikina zan yi magana, don dogon hutunmu yana faɗowa ne a tsakiyar marka, lokacin da asibiti ke cika. Abu uku.

Sauro. Autarki tana cikin waɗanda ake ba maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Sau ɗaya ne a wata, na kwana uku. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage ke za ki ba ta, kuma a nan iyaye ke sakaci, sai wata ya zagayo mu tarar da ƙwayar a kan firji. Manyan kuma gidan sauro, ko da suna cewa zafi. Duk gwangwani da tsohuwar taya da ke tara ruwa a tsakar gida a kifar, wannan ma aiki ne da za ki ba Amir duk bayan ruwa.

Kududdufi. Wannan shi ne ya fi tsaya mini. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika a watan nan, bakinsu santsi, tsakiyarsu ya shanye babban mutum. Duk damina sai an yi asarar yara a irinsu, kuma yawanci yaron ya ce ne zai je ƙwallo. Wanda ya tsira daga nutsewa kuma yana iya kwaso tsargiya, sai bayan makonni ki ga jini a fitsari. Ki zaunar da mazan ki gaya musu ƙarara.

Na uku gudawa. Ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na kemis a gida. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba yaro ana shirin tafiya asibiti.

Abdu na Damagaram
Ku kuna kukan sati bakwai. Mu nan Nijar in lakwal, wato makaranta, ta tashi wajen ƙarshen Yuni sai Oktoba, wata uku cur. Amma mu abin bai cika zama magana ba, don gona ke cinye shi. Yarana ukun nan, da an yi shuka suna bayana: noman firi, maimai, har gero ya fitar da kai a fara gasa tumu. Ranar 3 ga Agusta kuma ranar dashen itace ce a ƙasar baki ɗaya, kowane yaro nakan ba shi nasa ya dasa, shi zai kare shi daga awaki. Na babban, dogonyaro ne, yanzu a inuwarsa muke shan shayi. Na ƙaramin akuya ta cinye shi sau biyu, ya yi kuka kamar an yi mutuwa, a na uku da kansa ya je ya saro ƙaya ya kewaye. Yaron da bai da abin da yake nasa shi ke fasa fulas.

Maman Hanifa, Kano
Malam Abdu mu ina muka ga gona a gidan haya? Tsakar gidan siminti ne, taku shida ne tsawonsa.

Maman Khalil, Kaduna
Taku shida ai fili ne 'yar'uwa. Ni a bene nake, a baranda nake noman buhu. Ki samo tsoffin buhunan shinkafa ko na siminti a wanke, a huda ƙasansu wuri biyar ko shida don ruwa ya fita, a naɗe bakin ya dawo rabi. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin awaki kashi ɗaya. Sabon taki yana ƙona shuka, a kula. Kowane yaro buhunsa, a rubuta sunansa da gawayi.

Abin da za a shuka shi ne dabarar. Alayyafo sati uku zuwa huɗu an fara yanka, shi za ki ba ƙananan don ba su da haƙurin jira. Kuɓewa tana kai wata biyu kafin ta fara 'ya'ya, ƙwaya uku a rami, in sun fito a bar biyu masu ƙarfi. Yakuwa da rama ba su da fitina. Tumatir kada ki fara da shi a marka, ruwa yana lalata shi, yaro ya karaya. Ranar da na yi miyar alayyafon Khalil, sai da ya tsaya a kan kowa yana tambaya ko ta yi daɗi. Mai gadi ma sai da aka kai masa.

Baban Ikram
Ko kaji. Kajin gidan gona na nama sati shida zuwa bakwai sun isa yanka, daidai tsawon hutun. Amma bari in ba ku labarina kafin wani ya ce na cuce shi. Bara na sayo 'yan tsaki ashirin na ce na yara ne. Ban san suna son ɗumi haka ba a satin farko, ga sanyin damina. Dare ɗaya aka yi ruwa da iska, muka wayi gari bakwai sun miƙe. Na koyi sa musu fitila da gawayi a tukunya, na ba su rigakafin Gumboro da Lasota a ruwan sha. Daga sati na huɗu kuma sai ci, buhun abinci yana tafiya kamar ana sata. Goma sha ɗaya suka kai, da na yi lissafi ko uwar kuɗi ban mayar ba. Wari kuwa har maƙwabciya ta aiko. A tsakar gida mai taku shida, Hajiya, ki tsaya a alayyafo.

Ummi, ɗaliba
Iyayena ku yi haƙuri zan sa baki, ni ba uwa ba ce, bana na gama NECO. Tun ɗazu ina karantawa: Walid shago, Amir buhu, auta magani. Ba wanda ya ce komai a kan Hanifa. Ni na san dalili, don ni ce Hanifar gidanmu. In an ba da hutu kowa ya huta ban da babbar 'ya mace. Ita ce wanke-wanke, ita ce shara, ita ce raino, ita ce girkin rana, in ƙanenta ya yi ɓarna ita za a tambaya ina take. Ni har addu'a nake yi a koma makaranta don a can nake hutawa. Hutu uku ina roƙon a bar ni in je koyon ɗinki gidan maƙwabciyarmu, kullum a ce wa zai riƙe yara. Mama ki tambayi Hanifa me take so. Ba mamaki tana da amsa tun tuni.

Abu Safwan
Ƙanwata, aikin gida ga 'ya mace ai tarbiyya ce. Gobe gidan wani za ta, in ba ta iya ba uwarta za a zaga. Kada boko ya sa mu mayar da abin alheri zalunci.

Ummi, ɗaliba
Yaya ban ce kada ta koya ba. Na iya tuwo tun ina shekara 11. Koyo daban, a sakar maka gida gaba ɗaya daban. Wanda ya iya wanke kwano, wankewa ta dubu me za ta ƙara masa?

Hajiya Yaya, Katsina
Yarinyar nan ta fi ku gaskiya. Abu Safwan, ɗana, na haifi maza biyar. Biyun farko ban bari sun taɓa tsintsiya ba, wai kada a ce na mayar da su 'yan daudu. Da babban ya tafi jami'a, shinkafa ya kira ni a waya in gaya masa yadda ake dafawa, yana da gemu. Ukun baya kowa sai da ya iya wanki da dafa taliya da wake. Kuma kai da ka fi ni karatu ka san an tambayi Nana A'isha me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa. To wane ne Walid?

Abu Safwan
Haka ne Hajiya, hadisin yana nan. Ni dai tsorona kada a wuce gona da iri.

Maman Hanifa, Kano
Ummi, jikina ya yi sanyi. Wallahi da nake rubuta tambayar nan, a raina yara uku nake nema wa mafita, Hanifa na lissafa ta a ɓangarena ne, cikin masu aiki. Yanzu haka tana tsakar gida tana wanke kayan auta. Zan tambaye ta yau.

Malam Habibu, mai Islamiyya
A ƙara da wannan. Iyaye suna zuwa mini da hutu su ce Malam a ɗora masa izu biyar kafin a koma. Nakan ce a'a. Yaron da ya kai Tabara amma in ka ja masa baƙi a Sabbi ya kakare, ba ƙari yake buƙata ba, tilawa yake buƙata. Bayan asuba, kafin gida ya ɗauki hayaniya, minti ashirin. Babba ta saurari ƙarami, ƙarami ya riƙe Alƙur'ani ya saurari babba, yara suna son kama kuskuren na gaba da su. Sati shida a haka, izu biyu ko uku za su zauna daram. Ba kuɗi, ba fita.

Malam Nura, Zariya
To ni ma bari in sauko daga kan lesin ɗina, tunda ba hali. Hajiya, littattafansu na zangon da ya wuce kada a ba mai ƙosai. Kullum bayan karin kumallo rabin awa: Amir ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, Walid ya yi lissafi biyar daga tsohuwar jarrabawarsa, waɗanda ya faɗi. Sannan ki ba Walid littafin cefane. Duk abin da aka sayo ya rubuta, ranar Juma'a ya haɗa jimla. Zai koyi lissafi, zai kuma daina cewa a ƙara masa nama.

Kayan Mata da Turaruka
Assalamu alaikum, akwai humra da turaren wuta masu kyau, ana aikawa ko'ina, a yi mini magana ta ciki.

Shugabar zaure
Hajiya mai turare, ranar talla Asabar ce. Na bar wannan, na gaba zan goge.

Sadiya, Gwale
Ni mamakina mutanen Kano da ke cewa ba inda za su. Maman Hanifa, yaranki sun taɓa hawa Dala? Na tabbata a'a. Ni an haife ni a cikin gari amma sai da na yi baƙi daga Legas na fara shiga Gidan Makama, kunya ta ishe ni, baƙo yana tambayata ina kame-kame. Ginin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ga shi nan daf da gidan Sarki. A ciki akwai tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903. Daga nan ku gangara marinar Ƙofar Mata su ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a baba, ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gaban idonsu. Nawa sun ɗauka sihiri ne. Wata ranar ku shiga Kurmi layin masu dukanci. Dala kuma ku je da sassafe ranar da ba hadari, daga sama su nemo unguwarku, a ba su labarin Barbushe. Fita ɗaya a sati, a adaidaita sahu ɗaya, da ruwanku da dafaffiyar gyaɗa daga gida. Duka huɗun ba su kai kuɗin motar mutum biyu zuwa ƙauye ba.

Abdu na Damagaram
Haka mu ma. Yaro ya girma a Zinder bai taɓa shiga unguwar Birni ya ga fadar Sarki ba, bai san garinsu ne babban birnin ƙasar kafin a mayar Yamai a 1926 ba.

Injiniya Bash
Har yanzu dai ba wanda ya faɗi yadda za a yi da waya.

Anti Rabi
Ni na sa doka, awa ɗaya bayan la'asar, a falo, a gabana. Kwana biyu ta yi aiki. Rana ta uku ƙaramar ta ce, Mama ke awa nawa ce taki? Ban sami amsa ba har yanzu.

Maman Hanifa, Kano
Assalamu alaikum, na dawo da rahoto, yau sati uku da tambayata.

Hanifa da na tambaye ta, ba ta ko yi tunani ba ta ce lalle. Ashe bayan littafinta na lissafi duk zanen fulawa ne, ban taɓa buɗewa ba. Akwai mai ƙunshi a layinmu, tana zuwa wajenta Litinin zuwa Alhamis daga goma zuwa azahar. Ta fara da zane a kwali, yanzu ƙafafun auta ne allonta, yarinya kullum da sabon ja da baƙi. Wanke-wanken safe ya koma kan Walid. Satin farko da kuka yake yi, ya ce in abokansa suka ji ya shiga uku, kofi biyu ya fasa kuma ina zargin da gangan ne. Abbansu ne ya kashe maganar, ranar Lahadi ya naɗe hannun riga ya tsuguna suka wanke tare. Ni kaina tsayawa na yi ina kallo, shekara goma sha shida ban taɓa gani ba.

Shago bai yiwu ba. Telan da muka yarda da shi ya ce yara shida gare shi, ba wurin zama. Littafin cefane dai yana hannunsa, har ya gano mai kayan miya yana ƙara mana naira hamsin in Amir aka aika.

Buhu huɗu muka yi. Alayyafon Amir ya yi kyau, jibi za mu yanka. Kuɓewar Walid ta fito. Na auta ba abin da ya tsiro, don kullum sai ta tone ta duba ko irin yana nan. Tilawar asuba muna yi kwana biyu mu fasa ɗaya, Malam Habibu a yi mana afuwa. Dala mun hau, Gidan Makama ruwa ya hana mu, sai Asabar in Allah ya kai mu.

Hajiya Yaya, na kira Hajiyarmu kamar yadda kika ce. Daren farko katin ya ƙare ana tsakiyar tatsuniya, Amir ya kwana yana tambaya ko kura ta cinye Gizo. Yanzu duk daren Juma'a ne. Dambe kuwa ba a daina ba, jiya ma an yi a kan wa ya taka buhun wa.

Baban Sadik Tela, Fagge
Hajiya in Fagge ba ta yi muku nisa ba, Abbansa ya kawo shi ranar Litinin. Keke ɗaya yana nan ba mai hawa, sai dai fedarsa tana da tauri.

Ummi, ɗaliba
Mama a ce wa Hanifa ina layi, bikin yayata saura wata ɗaya.

Sista Hauwa
Zagaye na biyu na maganin auta fa, an ba ta na kwana biyun?

Maman Hanifa, Kano
Innalillahi. Yana kan firji. Bari in tashi.